Neman kalma: me za mu ce wa portrait da Hausa?

Zainab: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min, gobe da safe zan naɗi shiri kan masu zanen Turai na ƙarni na 17 kuma portrait ta tsaya min a wuya. Misalina zanen da Frans Hals ɗan Holan ya yi a 1624 ne, yana gidan adana zane-zane na Wallace Collection a Landan, saurayi ɗan shekara 26 ya sha ado, ƙatuwar hula, leshi a wuya, hannun riga duk surfani. In na ce hoto mai sauraro zai zaci da kyamara aka ɗauka.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Ki ce zanen hoto ki wuce wurin.

Aminu: Malam ai zanen hoto har na doki da bishiya ya haɗa. Wannan kuwa mutum ne takamaimai ya zauna gaban mai zane ya biya kuɗinsa don a ga arzikinsa da matsayinsa. Ni zanen kamanni nake gani.

Baba Ilu: Hoton ma ai ba Hausa ba ce, ta Bature ce muka lanƙwasa. Tun tuni nake cewa a riƙa kiransa kamantau amma yaran yanzu sai abin aro, kamar harshenmu ba shi da gata.

Aminu: Baba kamantau kuma? wallahi a rediyo mantau za a ji 😂 Su kansu Ingilishi daga Faransanci suka aro portrait ɗin kuma ba su ji kunya ba.

Baba Ilu: To don su sun yi bara sai mu ma mu ɗauki ƙoƙo?

Malam Sabo: Allah ya huci zuciyar Baba, in za a kori aro to leshi da rediyo da littafi duk sai su kama hanya, shirin ma ba zai naɗu ba.

Zainab: Ku yi haƙuri lokaci na tafiya, ga kalmar gentleman ma, da zan kira saurayin da ita, tana jira. Dattijo bai zauna wa ɗan 26 ba.

Aminu: ɗan kwalisa mana Anti

Malam Sabo: A'a, kwalisa ta tsaya kan tufa, gentleman ko asali da mutunci ake nufi. Ki duba zanen Ayuba Suleiman Diallo, Bafulatanin Bundu a ƙasar Senegal ta yau, da William Hoare ya yi a Ingila a 1733, da farar riga da rawani da Alƙur'ani rataye a wuya, irin shigar gidansu ya nemi a zana shi da ita. Wa zai ce masa ɗan kwalisa? Ɗan manyan gida ya fi.

Zainab: Na ɗauki zanen kamanni, da farko zan yi bayani sau ɗaya sai in ci gaba da cewa zanen. Ɗan manyan gida kuma zan sa shi haka nan duk da bai gama kwanta min ba.

Baba Ilu: Shirinki ne 'yata, ki yi yadda kika ga dama. Ni dai a ajina kamantau zan ci gaba da koyarwa.