Ƙanina da giya: wace hanya ce take ɗorewa?

Babbar Yaya, daga wani ƙauye a Ringim:
Assalamu alaikum. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, ya koyo shan giya a wajen ci-rani. Da damina gona tana riƙe shi, amma da an sayar da riɗi kuɗi sun shiga aljihu, shi ke nan. Bana abin ya kai da safe sai ya sa hannu biyu yake iya riƙe kofin koko saboda karkarwa. Inna ta yi kuka, liman ya yi nasiha. Yanzu da bakinsa ya ce a kai shi asibiti. An ce bayan magani akwai zaman tattaunawa iri-iri da likita. Don Allah wanne ne yake riƙe mutum shekaru? Mun gaji da tuban wata biyu.

Ma'aikacin jinya, Bichi:
Wa alaikumus salam, Yaya. Tunda har karkarwa ta fara, kada ya yanke sha lokaci guda a gida. Cikin kwana biyu zuwa uku jijjiga da ruɗewa na iya kama shi, kuma suna kisa. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Aminu Kano a sa masa ido tukuna.

Tambayarki kuwa an bincika ta a Amurka da mutum 1,726, sakamakon ya fito a 1997. Kashi ɗaya an koya musu gane abin da ke tunzura su sha da yadda za su kauce masa, zama 12. Na biyu an ƙarfafa musu niyyarsu ta dainawa, zama 4 kacal. Na uku an haɗa su da ƙungiyar tsofaffin mashaya masu taimakon juna. Duka ukun shansu ya ragu sosai, tazarar ba ta da yawa. Amma bayan shekara uku, a cikin masu zuwa zaman daga gida, waɗanda ba a fara kwantar da su a asibiti ba, kashi 36 cikin 100 na 'yan ƙungiyar ba sa sha sam, masu zama 4 kashi 27, na farkon kashi 24. A ganina dalili shi ne zaman likita yana ƙarewa, ƙungiya kuwa ana ci gaba da zuwa.

Wani ɗan'uwa, Gumel:
Malam ya yi gaskiya. Ni na sha, Allah ya raba ni da ita. Irin wannan ƙungiyar ba mu da ita a karkara, to sai ku zame masa ita. Ni majalisa na canza, kuma da kaka kawuna yake riƙe mini kuɗin amfanin gona, da yardata. Na taɓa komawa sau ɗaya, bai tona mini asiri ba, washegari ya raka ni asibiti. Yaya, in ya zame kada ku yi masa gori.

Babbar Yaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, in an sallame shi, za su yarda ni ko kawunmu mu riƙa shiga zaman tare da shi? Riɗin nasa yana buhu, ba a kai kasuwa ba tukuna.