Shayin kullum a fada: wane ganye ya dace, kuma daga ina bauri yake fitowa?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum masana buta. Tambaya biyu ce gare ni, amma a haɗe suke. Fada ce, wato majalisar hira, ta mutum biyar, ana ɗora shayi bayan azahar, a sake ɗorawa bayan isha, kullum ba fashi. Wane ganye ya kamata a riƙe na yau da kullum: mai lamba 41022, ko 9371, ko mai dunƙule 3505? Ba na baƙi nake nufi ba, wanda aljihu zai iya ɗauka wata da watanni.

Ta biyu, me ya sa kwali iri ɗaya, daga shago ɗaya a kasuwar Dole ta nan Damagaram, yau ya fito ja garau da kumfa, gobe ya fito baƙi-baƙi da baurin da ke kama harshe, shayi na uku kuma, wato dahuwar ƙarshe ta ganyen, ya fito lami? Laifin ganye ne ko na hannu?

Malam Na-Zango:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bari mu fara da ganyen. Duka ukun da ka lissafa koren shayi ne daga Sin, kuma gida biyu ne. 41022 da 9371 gida ɗaya suke, wanda ake kira Chunmee, ganye siriri mai ɗan lanƙwasa. A jerin da masu fitar da shi ke amfani da shi 41022 ne a sama, 4011 na bi masa, sannan 9371, daga nan a gangara zuwa su 9368 da 9366 masu yawan kara da gari. 3505 kuwa wani gida ne, an murɗe ganyen ya dunƙule kamar ƙwayar dawa, kuma yawancinsa daga lardin Zhejiang yake fitowa. Jerin AAA da ake tarawa a bayan lamba kada ya ruɗe ka, kowane kamfani da yadda yake jera nasa.

A baki ga yadda suke. 41022 mai kyau yana da ƙanshi tun kafin ya tafasa, ɗacinsa mai tsabta ne, yana zuwa ya wuce ya bar ɗan zaƙi a maƙogwaro, launinsa ja mai haske. 9371 ya fi shi kauri da ƙarfi, da ɗan tsami-tsami a ƙarshe, kuma yana ɗaukar sukari ba ya ɓacewa a cikinsa. 3505 yana da ɗan ƙanshin hayaƙi, a na farko kamar bai yi komai ba saboda dunƙulen bai gama warwarewa ba, sai a na biyu yake nuna kansa, kuma shi ne ya fi kai wa na uku da sauran ƙarfi.

Ga fada mai ɗorawa sau biyu a rana, ni 9371 zan ce. Dalili shi ne yadda muke dafa shi. Mutanen Sin suna jiƙa koren shayi ne a ruwan da bai wuce digiri 80 ba, minti 2 ko 3, su tace. Mu kuwa tafasa shi muke yi a kan gawayi kwata na awa. Wannan wuta tana korar rabin ƙanshin da ka biya kuɗinsa a 41022, abin da ya rage a buta bai fi na 9371 da nisa ba. A ajiye 41022 don ranar Juma'a ko in an yi baƙo, a rage masa wuta da lokaci.

Kafin ka sayi katan guda, sayi ƙaramin kwali mai giram 25, ka zazzage shi a kan farar takarda. Ganye ya zama kore mai duhu da ɗan toka-toka, tsawonsa kusan ɗaya. In ka ga ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa. In gari ya taru a ƙasa har ya rufe takardar, wannan shi ne mai ba da ɗaci gaba ɗaya a na farko ya bar na uku lami, domin garin ganye yana sakin duk abin da ke cikinsa nan take. Sannan ka sansana. Shayi yana jan warin duk abin da aka jera shi kusa da shi, sabulu ne, ko maganin sauro, ko kalanzir, kuma ba wankin da zai fitar da wannan.

Baba Mai Randa:

Malam ya yi bayanin ganye yadda ya kamata, amma tambayar yaron nan ta biyu ba a ganye amsarta take ba. Ya ce kwali iri ɗaya, shago ɗaya. To abin da ya canza ruwa ne, ko wuta, ko buta.

Ɗana, ka san garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Ran da famfo bai zo ba kuma 'yan garuwa ne za su kawo, kuma ba ka san daga wace rijiya suka ɗebo ba. Ruwa ba iri ɗaya ba ne. Mai zartsi ko mai ɗanɗanon kanwa yana duhunta shayi, ya danne ƙanshi, ya sa ka ga wata fata-fata tana yawo a saman finjali. Ruwan da ya kwana a tsohuwar ganga ta ƙarfe ya fi muni: tsatsar da ke ciki tana haɗuwa da sinadarin baurin ganye, shayi ya koma baƙi kamar an ɗiga tawada. Ruwan famfo sabon tara kuwa yana da warin maganin da ake sa masa, shi ma yana shiga.

Gwajin ba wuya. Ka raba kwali ɗaya gida biyu daidai, ka dafa rabi da ruwan da kuka saba, rabi da ruwan leda, wuta ɗaya, lokaci ɗaya, ba sukari. Ka ajiye finjali biyu a kan farin faranti ka duba launi. In bambancin ya fito fili, ka gama gano ɓarawonka. Maganinsa a ware wa shayi randarsa. A zuba ruwan famfo a ciki, a rufe da ƙyalle mai tsabta ba da murfi mai toshewa ba, ya kwana. Warin magani zai fita, laka ta kwanta, a ɗiba daga sama. Amma fa kwana a randa ba ya cire zartsi, wannan sai dai a canza rijiya.

Sai buta. Butar tangaran ta ƙarfe, shuɗiyar nan, ka leƙa cikinta da tocila. In fentin ya ɓare a gindi har baƙin ƙarfe ya fito, ita ma tawada za ta riƙa yi maka ko da wane ruwa ka zuba. A sauya ta, ba ta gyaruwa.

Wuta kuma. Kada a ɗora buta sai gawayi ya kama duka, ya daina hayaƙi, ya yi farar toka a sama. Masu hura shi da leda ko kalanzir su ne ke kawo ɗanɗanon da ake ɗora wa ganye laifinsa. Gawayin ƙirya, na maƙera, yana da zafi da daɗewa, don haka guda uku ko huɗu sun isa, in an cika murhu zai sa buta ta yi ta bori. Tafasar da ake so ita ce wadda murfi ke ɗan motsi, tururi na fita ta hanci a hankali. In tana tumbatsa tana kashe wuta, ruwa zai ƙone da wuri, ganyen da ya manne a jikin buta ya babbake, ga ƙauri ga bauri. Kuma da hunturu kada a shiga ɗaki da murhu a rufe ƙofa da taga, iskar gawayi ba ta da wari amma tana kisa.

Sarkin Kumfa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da maganar ruwa. Ga awo ga mai tambaya, na mutum biyar, da ƙaramin finjali.

Finjali ɗaya na ganye, wato kusan kwalin nan mai giram 25. Zuba masa finjali ɗaya na ruwan zafi, ka girgiza kamar daƙiƙa 20, ka zubar. Ƙura da gari ne ke tafiya. Kada ka wuce haka, in ka bar shi minti guda ƙanshin ka zubar. Sai ruwa finjali shida, a kan wuta mai laushi minti 12 zuwa 15, har ya koma kamar biyar. Ka tsiyaye ruwan a buta ta biyu, ganyen ya zauna a ta farko, ka zuba masa ruwan na biyu nan take ya fara dahuwa. A buta ta biyu ake sa sukari, finjali ɗaya da bai cika ba. Masu zuba sukari a kan ganye tun farko su bar shi yana tafasa, sukarin yana kwanciya a gindi ya ƙone, kuma ganyen ya jiƙe da zaƙi har ka kasa daidaita na biyu.

Kumfa ba sihiri ba ne. Ganyen yana da sinadarin da ke yin ta, sukari ne ke ba ta kaurin tsayawa. A ɗaga hannu kamar kamu ɗaya da rabi, a yi ta juyawa tsakanin finjali biyu, sau 15 zuwa 20, a raba kumfar, a wanke bayan finjalan, a mayar da shayin wuta ya yi zafi ba tare da ya sake tafasa ba. Abin da ke kashe ta maiko ne. Hannun da ya taɓa tsire ko soyayyar gyaɗa ya kama bakin finjali, shi ke nan. Sauran sabulu ma haka.

Na biyu ruwa finjali shida, minti 10, a nan ake sa na'ana'a, a ƙarshe, minti 2 kawai, in ta dahu sosai ɗaci take yi. Na uku a rage ruwa zuwa biyar, a ba shi minti 15, kanumfari ƙwaya biyu ko uku da ɗan citta. Yawancin lamin na uku daga nan yake: ganye ya gaji amma an ba shi ruwa daidai da na farko.

Inda na saba da Malam Na-Zango shi ne zaɓin 9371 zalla. Ni zan ce kashi biyu na 9371, kashi ɗaya na 3505. Na farko da na biyu siririn ganye ne ke ɗauke da su, lokacin da ya gaji dunƙulen ya buɗe ya riƙe na uku.

Malam Na-Zango:

Haɗin nan yana aiki, ban musa ba, sai dai ƙanshin hayaƙin 3505 yana rufe na'ana'a. Fadar da ke son na'ana'a a na biyu ta rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Hajiya Maman Ummi:

'Ya'yana, ku yi lissafin abin da ke shiga jiki, tunda sau biyu ne a rana. Busasshen koren ganye yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke wartsake mutum, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Giram 25 ke nan miligiram 500 zuwa 750, kuma tafasa irin tamu tana fitar da mafi yawansa. A raba wa mutum biyar, kowa ya samu 100 zuwa 150 a zama ɗaya, yawanci a na farko. Zama biyu bai kai 400 da ake ɗauka iyakar babban mutum mai lafiya a rana ba, amma na bayan isha shi ke hana barci, kuma mai juna biyu iyakarta 200 ce. Wankin daƙiƙa 20 ba ya cire kafeyin, kada a ruɗi kai.

Sukari ya fi damuna. Finjali uku na sukari a zama, sau biyu, a raba biyar, kowa ya tashi da fiye da finjali guda, ya haura giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada babba ya wuce a yini, kafin a lissafa na koko da na fura. Kuma shayi mai bauri daf da cin abinci yana rage sinadarin ƙarfe mai gina jini da jiki ke samu daga wake da ganye, masu ƙarancin jini su jinkirta awa guda bayan tuwo.

Ɗan Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in aka rage sukari ba kumfar za ta faɗi ba?

Sarkin Kumfa:

Za ta ragu, amma akwai dabara. Ka ɗebi finjali ɗaya na shayin, ka narkar da duk sukarin da za ka sa a cikinsa shi kaɗai, ka buga kumfar da wannan mai kaurin, ka raba ta a finjalai, sannan ka mayar da sauran cikin buta. Da rabin finjali na sukari ma tana tsayawa. Sai dai a rage dahuwar na farko zuwa minti 10, domin baurin da sukari ke ɓoyewa zai fito fili.