Ɗana yana taɓa waya yana tuƙi, shin in karɓe makullin motar?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 19 ya samu lasisin tuƙi watanni huɗu da suka wuce, kuma shi ke kai ƙannensa makaranta kowace safiya a nan Kano. Jiya autarmu ta shaida mini cewa a kan titin Zariya yana karanta saƙon WhatsApp mota na tafiya, har sai da ya taka burki da ƙarfi a bayan wani adaidaita sahu. Da na yi masa faɗa, sai ya ce daga yau zai riƙa sa abin sauraro a kunne don hannuwansa su zauna kan sitiyari. Shin wannan ya wadatar, ko in karɓe makullin?

Tsohon direban haya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi shekara 22 ina jigila tsakanin Kano da Kaduna. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, saboda haka wanda ya sunkuyar da kai daƙiƙa uku ya shafe mita 50 bai ga hanya ba. A cikin wannan tazarar mai adaidaita ke tsayawa ɗaukar fasinja ba tare da sigina ba, ko almajiri ya tsallaka a guje. Mu da muka daɗe, tun daga nesa muke karanta take-taken mai babur, amma yaron da hannunsa bai gama faɗawa ba sai abu ya zo gabansa yake gani, to ina ga ya ƙara da waya.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya, abin kunnen ba zai magance matsalar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari da kusan ninki huɗu, kuma amfani da waya ba tare da riƙe ta a hannu ba bai fi aminci sosai ba, domin hankali ne ke barin titi ko da ido yana kai. Hukumar ta kuma ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ban da haka, amfani da waya yayin tuƙi laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke cin tara a kansa.

Ɗalibi daga Zariya:
Mama, ki gafarce ni, amma sau da yawa iyayenmu ne ke kiranmu muna kan hanya su ji ko mun isa, kuma ɗa ba ya iya ƙin ɗaga kiran mahaifiyarsa. Maimakon karɓe makulli, ki umarce shi ya miƙa wa ƙanwarsa wayar kafin ya tayar da mota, ki kuma tabbatar masa ba za ki yi fushi ba idan bai ɗaga ba.

Maman Sadiƙ:
Yarona, ka faɗi gaskiya, domin ni ce nake kiransa kusan kullum da ƙarfe bakwai da rabi. Gobe wayar za ta zauna a jakar ƙanwarsa, ni kuma zan jira sai ya kira ni daga ƙofar makaranta.