Na ɗaga Hilux inci biyu, amma taya na gogar jikin mota idan na karya sitiyari

Mai Gona a Mambila:

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan motata Toyota Hilux ƙirar 2012, wadda nake hawa da ita daga Serti zuwa Gembu, kuma nake shiga da ita hanyoyin rugage inda babu kwalta. Kafin damina na sa an ɗaga ta inci biyu, an canza shokozoba da sifirin na gaba, sannan na cire tayoyin da ta zo da su masu lamba 265/65R17 na sa masu lamba 285/70R17 a kan rim ɗinta na asali, domin cikinta ya daina dukan ƙasa a cikin taɓo. Tun daga ranar, duk lokacin da na karya sitiyari har ƙarshe, musamman idan ina ribas, sai in ji ƙarar guga daga gaba, kuma idan na faɗa rami da kaya a baya ƙarar tana ƙaruwa. Bakaniken da ya yi aikin ya ce in ƙara ɗaga ta inci ɗaya matsalar za ta wuce. Kafin in sake kashe kuɗi ina so in ji daga waɗanda suka san abin, domin hawan dutsen da ke bayan Mayo Selbe ba wurin da mutum zai so taya ta fashe masa ba ne.

Bakanike Mai Gareji:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ƙara ɗaga motar tukuna, domin ba a nan matsalar take ba. Gaban Hilux kowace taya da hannuwanta biyu take tafiya, na sama da na ƙasa, kuma ɗagawar da aka yi ta canza tsayin da motar take zama ne kawai idan tana tsaye. Idan ka faɗa rami, tayar za ta koma sama har inda dungun robar da ke tare ta ya tsayar da ita, wato daidai inda take kaiwa tun kafin a ɗaga motar. Saboda haka ko inci uku ka ɗaga, ranar da ka ɗauko taki ka shiga gargada za ta sake guga, ga kuma wahalar da za ka ƙara wa sandunan da ke juya tayoyin gaba, waɗanda robarsu ke saurin yagewa idan sun karkace da yawa.

Ka duba lissafin. Tsohuwar tayarka tsayinta kusan milimita 776 ne, sabuwar kuma kusan 831, wato ta ƙaru da milimita 27 ta kowane ɓangare, sannan faɗinta ya ƙaru da milimita 20. Idan aka karya sitiyari, kafaɗar tayar ce take zagayawa ta doshi bayan ramin taya, inda robar kare taɓo take, kuma a bayan wannan roba akwai ƙarfen casis da bodin mota ke zaune a kansa.

Abu na farko shi ne ka san ainihin inda take taɓawa. Ka wanke ramin tayar, ka shafa alli a robar ciki, da wancan ƙarfen, da hannun sama, da gefen bamba, sannan ka karya sitiyari hagu da dama, gaba da ribas, ka kuma hau da taya ɗaya kan tudu domin ta matse. Inda allin ya goge, nan ne. Ka dawo ka faɗa mana.

Ɗan Kasuwar Taya:

Alhaji, ni shawarata ka sa faifan da ake kira sifesa, mai kaurin milimita 30, wanda ake sawa tsakanin rim da hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a kai. Zai turo tayar waje, motar ma za ta fi kyan tsayuwa.

Tsohon Direban Sahara:

Ina neman afuwar ɗan uwana mai taya, amma wannan shawara tana da sharaɗi. Sifesa tana magani ne idan cikin tayar ne yake gogar hannun sama ko casis. Idan kuwa bayan ramin take guga, turo ta waje zai sa zagayen da take yi ya ƙara faɗi, gugar ta fi ta da muni, kuma boris ɗin taya zai riƙa ɗaukar nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Na yi shekaru ina bin hanyar Agadas zuwa Dirku, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a hanya shi ne notin taya da ya kwance ba a sani ba. Wanda ya zama dole ya sa sifesa, ya nemi mai zama daidai a kan hob, ya kuma sake ɗaure notinta bayan tafiyar farko.

Mai Gona a Mambila:

Na gode ƙwarai. Na yi gwajin alli yau da safe. Ya goge a robar kare taɓo ta kowane gefe, ya goge a robar ciki ta ƙasan bamba, kuma a gefen hagu har ƙarfen da bodi ke zaune a kai ya yi sheƙi. Hannun sama bai taɓu ba, ko da yake ratar da ke tsakaninsa da tayar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba. Ban yi saitin tayoyi da ake kira alaimen ba tun da aka ɗaga motar, ba a kuma ce mini in yi ba.

Bakanike Mai Gareji:

To, Alhaji, maganarka ta ƙarshe ita ce babbar. Ɗaga gaban mota yana rage abin da ake kira kasta, wato karkatar da ginshiƙin taya yake yi zuwa baya, kuma hakan yana ja da tayar kusa da wancan ƙarfen, yana kuma sa sitiyari ya riƙa yawo a kan kwalta. A gindin hannun ƙasa akwai kusoshi biyu masu juyawa da aka tanada domin saiti. Ka je wurin masu alaimen na kwamfuta, ka ce a ƙara kasta ta waɗannan kusoshi yadda tayar za ta matsa gaba, gwargwadon abin da ba zai karkatar da tsayuwarta ba. Sau da yawa 'yan milimitocin da ake samu a nan su ne suke raba taya da ƙarfe. Idan kusoshin sun ci tsatsa sun ƙi motsi, a canza su, kada a bar su haka a ce an gama.

Bayan wannan ka cire robar kare taɓo ko ka rage ta. Robar ciki kuma a gasa ta da iska mai zafi a tura ta gaba a ɗaure, kada a cire ta gaba ɗaya, domin ita ce take hana laka shiga wayoyi da fitilu. Sifesa ba taka ba ce, tun da hannun sama bai taɓu ba.

Idan an yi duk wannan ƙarfen bai daina sheƙi ba, zaɓi biyu ne ya rage. Ana yanke kusurwar ƙarfen a liƙe wurin da faranti mai kauri a yi masa fenti, amma wannan aikin casis ne, sai mai walda da ya ƙware, kuma ba a mayar da shi yadda yake. Ni da motata ce, mai ɗaukar kaya a kan dutse, da na koma 265/70R17. Tsayinta kusan milimita 803 ne, ta fi ta asali, kuma da wuya ta nemi a yanke komai.

Tsohon Direban Sahara:

Ƙari ɗaya, Alhaji. Da tayar da ke motarka yanzu, agogon gudu yana nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 7 cikin ɗari, wato idan ya nuna 100 kana kusan 107 ne, kuma birki yana ƙara shan wahala a gangara. Kafin ka sake saukowa daga Gembu, ka shafa hannu a kafaɗar tayar hagu ta ciki da ta waje. Idan ƙarfen ya yanke ta har ka ga zare, ka sauke ta tun a gida ka sa safaya.