Mutum ya yi barcin awa takwas amma ya tashi a gajiye, me ke kawo haka?

Abu Sadik: Assalamu alaikum. Don Allah masana lafiya a taimaka. Mutum ne zai kwanta ƙarfe goma na dare, ya tashi sallar asuba, ya koma har bakwai, amma ya wuni yana hamma da gyangyaɗi, kansa na masa nauyi. Awannin sun cika. To ina matsalar take?

Ummu Khalil: Wa alaikumus salam. Malam, yawan awanni daban, ingancin barci daban. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9, amma barci zagaye-zagaye yake tafiya, kowanne kamar minti 90. Barci mai nauyi, wanda jiki ke gyara kansa a cikinsa, ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuma sai goshin asuba. Duk abin da ya hana mutum nutsewa cikin mai nauyin, ko rana ta same shi a kan gado ba zai huta ba.

A fara duba abin da yake sha da ci. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi, Nescafe, goro da lemukan ƙara kuzari, rabinsa na nan a jini bayan awa 5 zuwa 6. Shayin da aka sha ƙarfe takwas a teburin mai shayi, ƙarfe ɗayan dare bai gama aiki ba. Ido zai rufe, amma barcin sama-sama ne. Ya tsaida su daga ƙarfe biyun rana, a gani bayan mako biyu.

Likitan Karkara: Gaskiyar Hajiya ce, sai dai akwai abin da ya fi wannan haɗari. A tambayi wanda ke kwana kusa da shi: yana minshari? Minsharin yana yankewa ɗif, a ji shiru, sai ya yi firgigit ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe? In haka ne, numfashinsa ke ɗaukewa. Harshe da naman maƙogwaro ne ke saki su toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi ya buɗe hanyar, ya koma bai ma sani ba. Daga sau 5 a awa ɗaya ake lissafa shi cuta, sau 30 kuwa ya yi tsanani. Yi tunanin mutumin da ake tashinsa duk bayan minti biyu har gari ya waye.

Sauran alamun su ne bushewar baki da ciwon kai da safe, yawan tashi fitsari, da hawan jinin da ba ya jin magani. Masu ƙiba da kaurin wuya sun fi samunsa. Kwanciya a gefe maimakon rigingine na rage shi, haka rage ƙiba, wasu kuma sai da na'urar CPAP mai tura iska ta hanci. Don Allah kada ya sayi maganin barci na diazepam a kemis, ƙara sakin maƙogwaron yake. In direba ne, ya ajiye doguwar tafiya har a duba shi.

Baban Zahra: A ƙara da zafi. Sai zafin jiki ya ɗan sauka barci ke nauyi, ɗakin kwanon da ya sha ranar bazara kuwa ba ya hucewa sai tsakar dare. Ya watsa ruwa kafin kwanciya, a buɗe tagogi, ko a yi shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro. Waya a ajiye ta awa ɗaya kafin barci. Ƙailula kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma kafin la'asar.

Abu Sadik: Allah ya saka da alheri. Minsharin kam akwai, har da yankewar. Wane sashe za a je a asibiti?

Likitan Karkara: A fara da sashen da ake ganin likita a koma gida, a auna hawan jini, sukari da yawan jini, don ƙarancin jini da ciwon sukari ma na kawo wannan kasalar. Daga nan a tura shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko na ƙirji. Kafin ranar, a ɗauki sautin minsharin a waya na 'yan mintuna, a tafi da shi likita ya ji.