Yadda yaro ke shiga tallafin karatu da lissafi a firamaren Amurka

Tambayar da iyaye suka fi maimaitawa a wata tattaunawa da suka yi da malamai ita ce: talaucin gida ne ke shigar da yaro shirin Title I, wato tallafin karatu da lissafi na gwamnatin tarayyar Amurka, ko rauninsa a aji? Malaman suka ce a raba biyu. Talauci shi ke jawo wa makaranta kuɗin gwamnatin tarayya, bisa dokar ilimi ta 1965 da aka sabunta a 2015. Amma wajen zaɓen yaro, karatunsa ake dubawa, ba aljihun ubansa ba.

Idan kashi 40 cikin 100 na ɗalibai 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, makarantar tana iya shimfiɗa tallafin ga kowa. In ba su kai ba, sai a ware waɗanda suka gaza ko suke dab da gazawa, ta hanyar sakamakon gwaji da abin da malami ya gani a aji. Yaran da ba su da matsuguni, da waɗanda suka yi Head Start (shirin share fagen shiga firamare na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi) cikin shekara biyun da suka wuce, sun cancanta tun farko.

Shawarar da na fi ɗauka da nauyi ga uwa: kada ki ƙi cike takardar abincin rana kyauta don jin kunya, gundumomi da yawa da ita suke ƙidaya mabuƙata. Ki nemi ganin makin ɗanki, ki tambayi malami ma'aunin da aka bi. Wata uwa ta tsorata, ta zaci shirin masu buƙata ta musamman ne. Ba shi ba ne, kuma ba a biyan ko sisi.