"Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya": wace rana ce ɗayar?

Mai Shagon Waya: Salamu alaikum jama'a. Duk wanda aka yi wa ƙwacen waya ko aka fasa masa shago, da wannan karin maganar ake ba shi haƙuri. To ni tambayata, wace rana ce ta mai kayan? Ranar da aka kama ɓarawo, ko ranar da alƙali ya yanke masa hukunci? Don a unguwarmu kamu ba ya wuya, 'yan sintiri suna ƙoƙari. Amma wanda aka miƙa wa hukuma yau, kafin wata ya mutu ka gan shi a bakin layi yana harararka.

Tsohon Magatakarda: Wa alaikumus salam ɗana. Ranar hukunci ce, domin kamu kaɗai ba ya mayar wa mutum kayansa. Na yi aiki a wata kotun majistare har na yi ritaya, kuma abin da nake gani yana kashe shari'a ba cin hanci ne kaɗai ba, rashin kayan aiki ne. Alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da shaida ya faɗa, ga ƙararraki jibge a kan teburinsa. Takardar rubutu ta ƙare, sai mai ƙara ya sayo. Mai kai sammaci ba shi da kuɗin mota. Ranar zama ta zo, a ce motar gidan yari ba mai, ba a kawo wanda ake tuhuma ba. A ɗage. Ɗan sandan da ya yi bincike an canza masa wurin aiki, ba mai biyan kuɗin zuwansa. A sake ɗagewa. Mai kaya ya rufe shago sau huɗu sau biyar, ya gaji ya daina zuwa, sai a kori ƙarar. Ɓarawo bai ci shari'a ba, shari'ar ce ba a yi ba.

Ɗan Sintiri: Baba, shi ya sa matasa suka sauya wa maganar fassara. A wurinsu ranar mai kaya ita ce ranar da ɓarawo ya faɗa hannun jama'a. Ba na goyon baya, amma mu muke shiga tsakani, kuma abin da suke faɗa mana ke nan: in mun kai shi gobe za a sako shi.

Malamin Islamiyya: Wannan fassara kuskure ce babba, kuma ina roƙon a daina yaɗa ta. Magabata gargaɗi suka yi wa ɓarawo cewa asirinsa zai tonu, ba lasisin kisa suka ba taron jama'a ba. Taro ba ya sauraron shaida. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano, saboda kawai an zarge su da garkuwa da mutane. Waɗanda suka yi haka su ma sun ɗauka ranarsu ce ta zo.

Uwar Marayu: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, amma ni karin maganar kanta nake tuhuma. Tana nuna kamar duk wanda aka kama ɓarawo ne. Ɗan ƙanwata an kwashe su a wani samame, mai iyaye masu hali ya fita da beli, shi ya shafe fiye da shekara a tsare ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Ya shiga yana koyon walda, ya fito ya san manyan 'yan daba da sunayensu. Har yau muna fama da shi. Ku gaya mini, wa ya ci ribar wannan zaman?

Lauyan Unguwa: Hajiya, Allah ya shirya mana shi. Abin da kika faɗa ba ɗanku kaɗai ya shafa ba: kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Kuma doka ba ta yi shiru ba. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsare wanda ake zargi kada ya wuce kwana 14 a karon farko, a riƙa sauraron shari'a kullum in zai yiwu, kuma majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Jihohi sun yi irin tasu. Amma ziyara tana buƙatar mota, zama kullum yana buƙatar ƙarin alƙalai da ɗakunan shari'a. Sashe na 121(3) na tsarin mulki ya ce a miƙa kuɗin ɓangaren shari'a na jiha kai tsaye ga shugabannin kotuna. A kan haka ƙungiyar ma'aikatan kotuna ta ƙasa, JUSUN, ta rufe kotuna daga 6 ga Afrilu 2021, sama da wata biyu. Buhari ya sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a 2020 don tilasta wa gwamnoni bin wannan sashe, Kotun Ƙoli ta soke shi a Fabrairun 2022.

Ɗan Sintiri: Barista, ai mun ji an ninka wa alƙalai albashi.

Lauyan Unguwa: An yi, a 2024, ƙarin kashi 300 cikin ɗari. Sai dai na alƙalan manyan kotuna ne. Majistare da alƙalin kotun Shari'a na unguwa, waɗanda ƙarar ɓarawon waya take zuwa gabansu, jiha ce ke biyansu, su da magatakarda da masinja.

Malamin Islamiyya: To ashe a gyara yadda muke amfani da maganar. A faɗa wa yaro ita don ya ji tsoron sata. Amma wanda aka yi wa fashi, kada a toshe masa baki da ita, a raka shi kotu a tsaya masa shaida.

Tsohon Magatakarda: Na yarda Malam, sai dai shaidar ma tsoro take ji, don wanda za ta ba da shaida a kansa yana kan beli kuma ya san ƙofar gidanta. Hajiya, in irin wannan ta sake faruwa ga wani naku, kada ku zauna jira. Ku nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a na jiharku, lauyoyinsu kyauta suke tsayawa marasa hali. Ku tafi da lambar ƙarar da ranar da aka fara tsare shi.